Asata Da Maƙwabtanta: Inda Ake Ta Da Akwalar Mota

Duk ɗan Arewa da ya taɓa sauka birnin Inugu, ko fatauci ne ya kai shi ko aikin gwamnati, da wuya a ce bai taka unguwar Asata ba. A nan babban masallacin gari yake, a kan titin Owerri. A nan 'yan canji suke zama a bakin shaguna, a nan kuma baƙo zai sami mai shayi da mai tsire da wanda zai amsa masa sallama da harshen da ya baro a gida. Mutanen gari suna kiran irin wannan wuri Ama Awusa, watau unguwar Hausawa. Zaman kuwa ba na jiya ba ne. Tun da aka gano kwal a tsaunukan Udi cikin 1909, aka fara haƙarsa a 1915, aka kuma haɗa wurin da Fatakwal ta hanyar jirgin ƙasa a 1916, mutanenmu suke biyo sawun leburori da shanu da wake da albasa. Har ta kai ga lokacin da Inugu ta sami Magajin Gari na farko a 1956, wanda aka ɗora bisa kujerar shi ne Malam Umaru Altine, Bafillacen Sifawa ta ƙasar Sakkwato, wanda cinikin shanu ya kawo shi garin.

To, amma ba tarihin zaman ne zai ɗauke mu a yau ba. Mota ce, kuma ba sabuwa ba. Duk abin da Bahaushe yake sayarwa a wannan yanki, in ka ɗauke canjin kuɗi, a bayan mota ya zo. Da sa da tumatir da doya da gero, kowanne sai da ya kwana a hanya, ya haye gadar Binuwai a Makurɗi, ya wuce Otukpo da Obollo-Afor, kafin ya iso mararrabar da ake kira Mil Tara. Motocin da suke wannan jigila kuwa, mafi yawansu sun girmi direbobinsu. Wasunsu ma ba za ka iya cewa ga shekarunsu ba, domin inji daga wata mota ya fito, giyabos daga wata, kan motar kuma daga ta uku.

Abin da ya sa wannan zance ya dace da yanzu shi ne wani irin wasa da Turawa suka ƙirƙiro, wanda samarinmu suke kallo a talabijin da wayoyin hannu suna ƙyaƙyata dariya. Wasan kuwa shi ne a ba mutum 'yan kuɗi kaɗan, a ce ya je ya sayo akwalar mota, ya lallaɓa ta, sa'an nan ya yi doguwar tafiya ko tsere da ita. Wanda ya fi suna shi ne shirin Top Gear na gidan BBC. A 2007 masu gabatar da shi su uku suka zo Botswana, aka ce kada kowa ya kashe fiye da fam 1,500. Jeremy Clarkson ya sayi Lancia, James May ya sayi Marsandi 230E, Richard Hammond kuma ya sayi wata tsohuwar Opel ƙirar 1963, har ya raɗa mata suna Oliver. Suka ratsa ƙasar daga iyakar Zimbabwe zuwa iyakar Namibiya, tafiyar mil 1,000 ko kusa da haka. Da za su keta fadamar gishiri ta Makgadikgadi, sai biyu daga cikinsu suka ciccire ƙofofi da kujeru don motocin su yi sauƙi kada su nutse. A Amurka kuma an yi shirin Roadkill, wanda David Freiburger da Mike Finnegan suka fara a 2012, inda suka riƙa jawo motar da ta shekara da shekaru a yashe cikin ciyawa, su ta da ita, su kama hanya tana mutuwa suna gyarawa.

Ba na ganin laifin mai kallon wannan abu. Akwai daɗi a ciki, kuma daɗin na gaskiya ne. Mutum ya fi son ganin talaka ya yi nasara a kan ganin attajiri ya yi, ita kuwa akwala talakar motoci ce. Sabuwar mota ba ta da labari, ka murɗa makulli ta tashi, shi ke nan. Amma wadda aka ɗaure salansarta da waya, aka toshe lagiretonta da sabulu, duk mil ɗin da ta ci abin tafi ne. Sai dai wanda ya zauna Asata ba ya bukatar talabijin don ya ga wannan. Ya hau keke mai ƙafa uku, ya wuce kasuwar Ogbete, cikin 'yan mintoci ya isa inda ake yin abin da gaske, ba da wasa ba.

Wurin shi ne Coal Camp, watau sansanin 'yan kwal, tsohuwar unguwar da leburorin haƙar kwal suka fara zama. Kwal ɗin ya daɗe da ja baya, amma unguwar ba ta mutu ba, ta koma hannun 'yan kayan gyaran mota da maƙera, har ana kiran wani sashenta Tinka. Tun kafin ka shiga kunnenka zai gaya maka ka iso. Guduma tana amsa guduma, janareta yana ruri, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mataccen mai. A wannan rumfa an jera injuna a ƙasa kamar tulunan sayarwa, a waccan ƙofofin motoci ne kala-kala a jingine, gaba kaɗan kuma sai fitilu da gilasai. Ga mai walda ya sa baƙin tabarau irin na ado a maimakon abin kare ido. Ga mai gyaran jikin mota yana buga murfin da ya lotse har ya koma kamar bai taɓa cin karo ba. Ga wani a bakin injin sassaƙa ƙarfe yana fitar da abin da kamfanin da ya ƙera motar ya daina yi tun shekaru 30 da suka wuce. Ka kawo masa wanda ya karye kawai, ya auna, ya ce ka dawo da la'asar.

Yawancin masu wannan sana'a 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma ba a makaranta suka koya ba. Al'adarsu ce yaro ya zauna gun ubangida shekaru da dama yana hidima yana koyo, in wa'adi ya cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Amma in mai karatu ya lura da kyau zai ga ɗan Arewa a farkon sarƙar da kuma ƙarshenta. A farko akwai 'yan gwangwan, samarin da suke tura kura unguwa-unguwa suna kiran a kawo mataccen ƙarfe. Su ne suke kai kaya wurin dillalai a auna a kan sikeli. Kafin a loda tarin zuwa masana'antun narka ƙarfe, sai an tsince shi tukuna, domin sifirin ko gatarin taya mai sauran rai ya fi daraja a hannun bakanike a kan a tukunyar narki. A ƙarshe kuma akwai direba da yaron mota, waɗanda za su hau abin da aka harhaɗa su nufi Kano ko Maiduguri. Watau Bahaushe ne ya tsinto ƙarfen, shi ne kuma zai ɗora ransa a kai.

Coal Camp ƙaramar 'ya ce in aka kwatanta da abin da ke Anacha. Ita ma Anacha tana da tsohon zaman Hausawa da Nufawa, shaida kuwa ga titin Bida inda babban masallaci yake, ga kuma titin Sakkwato. A gefen garin akwai kasuwar Nkpor ta sababbin kayan mota, akwai kuma Mgbuka Obosi ta tsofaffi, waɗanda mu muke ce wa 'yan Kwatano, su kuma a can suke ce wa Beljiyam. A Mgbuka za ka ga mota an yanka ta biyu kamar kabewa, gaba daban baya daban, haka aka shigo da ita daga Turai ko Japan da sunan kayan gyara. Kudu da nan kaɗan sai Nnewi, garin da ya tashi daga sayar da kayan mota ya koma ƙera su, inda kamfanin Innoson ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a 2010. A Fatakwal kuma sunan da kowane direba ya sani shi ne Ikoku, a cikin Diobu.

Wannan hali na ta da matacce ya yi ƙarfi ne a lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, sa'ad da aka toshe wa yankin hanyar shigo da kaya. Injiniyoyin Biyafara suka riƙa lulluɓe tsofaffin motoci da farantan ƙarfe suna mai da su motocin yaƙi. Wasu daga cikinsu, waɗanda ake yi wa laƙabi da Jan Shaiɗan, an adana su a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Bayan yaƙi aka sami ɗan lokacin da ake ganin sabuwar mota za ta wadata. Kamfanin Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, a 1980 kuma aka buɗe ANAMMCO a Emene, nan bayan garin Inugu, ana harhaɗa manyan motocin Marsandi. Ita 911 ɗin nan mai gajeren hanci, wadda kafintoci suke yi wa bodin katako, Ibo suna kiran irinta gwongworo, ta zama jakar kowa daga Aba har Sakkwato. Da darajar Naira ta faɗi daga 1986, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin mai jigila, aka koma ga tsohuwa, tsohuwar ma da ta gaji aka koma ga faci.

To, ina bambancin wasan Turawa da wannan? Ba a gwaninta yake ba. In gwaninta ce, ni a ganina bakaniken Coal Camp ba shi da abin jin kunya a gaban kowa. Bambancin yana wurin da ake tsuke bakin aljihu. Akwai wani tsere a Amurka da wani ɗan jarida mai suna Jay Lamm ya fara a Kalifoniya a 2006, ana ce masa 24 Hours of Lemons. Sunan ba'a ce ga shahararren tseren Le Mans na Faransa, domin Amurkawa lemon tsami suke kiran motar da ba ta da kirki. Dokar tseren ita ce kada kuɗin mota ya wuce dala 500, wanda aka ga alamar ya zarce sai a rage masa zagaye. Amma a cikin wannan lissafi ba a sa kuɗin birki, ba a sa kuɗin taya, ba a sa kejin ƙarfen da ake waldawa a cikin motar don kare direba in ta kife, haka kuma kujera da bel da abin kashe gobara. Waɗannan ka kashe ko nawa ne, ba mai tuhumarka, in kuwa ba su cika ba motarka ba za ta taka fili ba. Saboda haka abin da mai kallo yake gani a ruɓe, fenti ne da inji. Inda rai yake ba a taɓa shi da araha ba. Su ma 'yan Top Gear, abin da kyamara ba ta cika nunawa ba shi ne ayarin ma'aikata da yake biye da su, ga kuma wata Volkswagen Beetle da aka tanada ga duk wanda tasa ta mutu murus.

Mu kuwa sai muka juya lissafin. Inji dole ne ya yi lafiya, domin in bai tashi ba babu abinci. Fenti ma ana yinsa, har da zanen zaki da dawisu da rubutun hikima a bayan bodi. Abin da ake ɗaga wa ƙafa shi ne wanda ba a ganin amfaninsa sai ranar da aka neme shi. Tiyon birkin wata taya yana yoyo, sai a toshe shi a ce sauran sun isa. Taya ta suɗe, sai a kai wa mai wuƙa ya sake yanka mata zane, ta yi kyau a ido alhali an ƙara mata rauni. Fitilar da ke gargaɗin jakar iska ta lalace tana damun mai saye, sai a cire ƙwan. Motar da aka ƙera don ɗaukar kaya, sai a fasa mata tagogi a jera bencina masu ƙafar ƙarfe, waɗanda in an yi karo su ne suke tsinkewa su karya ƙafafun fasinja. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, amma har yanzu ana shigo da motoci masu sitiyari a dama saboda araharsu, a kai gareji a mai da sitiyarin hagu, da yanka da walda a daidai wurin da bai kamata a taɓa ba.

Mafi muni a ciki shi ne haɗin gaba da baya. Ƙananan motocin zamani ba su da doguwar ƙashin baya irin ta manyan motoci, jikin gaba ɗaya shi ne ƙashin. An ƙera shi yadda in an yi karo hanci zai lanƙwashe ya shanye bugun, ɗakin da mutane suke zaune kuma ya tsaya cak. In aka ɗauko gaban wata mota aka liƙa da bayan wata, aka shafe tabon da abin cike rami aka fesa fenti, ido ba zai gane ba. Ranar karo kuwa motar ba a hanci za ta ba da kai ba, a kan layin waldar za ta rabe, kuma layin nan a ƙarƙashin kujerun mutane yake bi. Mai saye da ya san abin da yake yi ya kan ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba, ya kuma ɓare robar bakin ƙofa ya ga ko ɗigon waldar kamfani ne a jere ko kuwa dunƙulen hannu. Taya ma tana da takardar haihuwa a jikinta: lambobi 4 ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha faɗa cewa taya in ta shekara 4 ta ƙare aiki ko da ba ta taɓa taka kwalta ba.

Wannan duka da sauƙi in ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar tsakanin Kano da Haɗeja. Inugu kuwa a gindin tudu take, sunan ma daga kalmomin Ibo masu nufin kan tudu ya samo asali. Mai zuwa daga Mil Tara dole ya gangaro, ko ta tsohuwar hanyar Milliken mai lanƙwasa kamar maciji da rami a gefe, ko ta babbar hanya a gangaren Ugwu Onyeama. A irin wannan gangare ne ake gane gaskiyar abin da aka yi a gareji. Mota mai nauyi in direba ya dogara da birki kaɗai, gangunan birkin su kan yi zafi har su daina kamawa, iskar tanki kuma tana raguwa duk lokacin da ya taka. Maganin abin shi ne a sauko da babbar giya tun daga sama, a bar inji ya riƙe motar. Amma akwai direbobin da suke sakin mota babu giya don su rage shan man dizal, akwai kuma masu motocin da suke ɗora wa mai ɗaukar tan 30 abin da ya kusa ninka haka. Ranar 25 ga Janairu, 2025, wata tankar fetur ta ƙwace a Ugwu Onyeama, ta afka wa motocin da ke gabanta, wuta ta tashi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce birki ne ya tsinke, ta kuma ƙidaya mutum 18 da suka rasu. Shekaru 10 kafin wannan, ranar 31 ga Mayu, 2015, wata tankar ta faɗa cikin tashar mota a Upper Iweka ta Anacha, mutum fiye da 60 suka ƙone.

A kwatanta da abin da ya faru ga shi Top Gear ɗin. A watan Disamba na 2022 ɗaya daga cikin masu gabatar da shi na baya-bayan nan, Freddie Flintoff, tsohon ɗan wasan kurket, ya kife da wata mota mai ƙafa uku a filin da suke ɗaukar shirin. Motar ma ba akwala ba ce. Jirgi mai saukar ungulu ne ya kai shi asibiti, ya rayu da munanan raunuka a fuska. A kan wannan mutum guda aka dakatar da aiki, kuma a watan Nuwamba na 2023 BBC ta ba da sanarwar jingine shirin.

Kada a ɗauka ina cewa a rufe Coal Camp ko Mgbuka. Wanda ya faɗi haka bai san abin da ke kawo tumatir kasuwa ba. Ranar da aka hana ta da akwala, ranar abinci zai gagari talakan Kudu, amfanin gona kuma ya ruɓe a hannun manomin Arewa. Bakanike kuma abin da mai mota ya biya shi yake yi. In an ce masa a sa sabon tiyo zai sa, in an ce a lallaɓa zai lallaɓa. Abin da ya rage shi ne mai cewa a'a. A tseren Amurkan nan akwai masu duba kowace mota kafin ta shiga fili, kuma ba a roƙonsu. Mu ma muna da jami'an duba lafiyar motoci da takardar shaidar da suke bayarwa, sai dai kowa ya san sau da yawa takardar ta kan fito ba tare da an ga motar ba. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa, waɗanda su ake kira in an yi haɗari a zo a ɗauki gawa, suna da bakin da za su hana a yi lodi a motar da birkinta bai cika ba, tun tana tasha.

Motar da ta sauke shanu a Gariki ko Ugwuoba ko Lokpanta ba ta komawa wayam. Ana cika ta da jarkokin manja da katako da kayan masarufi na Anacha da Aba. A saman kayan kuma sai mutane su hau, 'yan ci-rani da 'yan gwangwan da masu gyaran takalma da za su je ganin gida, domin kuɗin bas ya fi ƙarfinsu. Hukuma ta hana haɗa mutane da kaya, amma ana yi. Da magariba za ka gan su a hawan da ke fita daga Inugu zuwa Mil Tara, motar tana nishi a giya ta ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe bayanta, yaron mota kuma ya sauko yana bin ta a ƙasa riƙe da weji, don in ta tsaya ya jefa a bayan taya kafin ta fara komawa da baya.